Jakin da ke ɗingishi a cikin kwamfuta

Wani dattijo a Maraɗi, wanda ya shekara talatin riƙe da makullan mangaza kafin ya aje aikin gwamnati, ya tsakuro daga ɗan abin da ake ba shi na fansho ya saya wa autansa kwamfuta ƴar gwanjo, domin yaron ya shirya jarrabawar bak. Wani dare bayan isha'i ya leƙa ɗakin, sai ya tarar babu lissafi babu kimiyya a kan gilashin. Jaki ne kawai yake jan amalanke a tsakiyar kasuwa, yana tafiya yana tsayawa kamar wanda ƙaya ta soka.

Ran dattijo ya ɓaci, ya ce gobe za a mai da na'urar inda aka sayo ta. Yaron ya ce: "Baba, ba wasan wani ba ne, ni na rubuta shi da hannuna." Uban ya ja kujera ya zauna. "To, kai da ka haifi jakin, faɗa mini abin da ya gurgunta shi."

Sai mai karatu ya san cewa a cikin irin wannan wasa babu abin da ke motsi da gaske. Gilashin ɗigo-ɗigo ne a jere, kowane da launinsa. Kwamfuta tana share allon, ta zana kasuwa, ta ɗora amalanke, ta ɗora jaki a kai, na nesa kafin na kusa, sa'an nan ta sake sharewa ta zana jakin ya ɗan gusa. Sau sittin take yin haka a cikin daƙiƙa guda, ido kuwa ya ɗauka tafiya ce. Yaron ya riga ya sha wuya kafin ya kai nan. Da farko ya manta da sharewa, jakin ya bar sawu kamar an ja tsumma mai shuni a kan farar riga. Daga baya ya fito cikin farin akwati mai kusurwa huɗu, don ba a gaya wa na'urar cewa abin da ke kewaye da shi fili ne da za a riƙa hango bayansa ba. Har ƙidayar wuri ta ruɗe shi: a lise an koya masa lamba na ƙaruwa in an yi sama, a nan kuwa daga kusurwar sama ta hagu ake farawa, tana ƙaruwa in an yi ƙasa.

Da harshen Python ya yi aikin, tare da kayan da ake kira Pygame. Ya nuna wa uban layi biyu: ɗaya mai ɗauko hoto daga ma'ajiyar na'urar, ɗaya mai manna shi a gilashi. Dattijo bai san Python ba, amma ya tambaya sau nawa ake ɗaukowar. Yaron ya duba, ya ce duk sa'ad da za a zana.

"Sau sittin ke nan? Kai yaro, wane ɗan kasuwa ne zai aiki yaronsa mangaza duk lokacin da aka zo sayen sabulu ɗaya? Da safe ake fito da kaya a jera a tebur."

Gaskiyarsa ce. Kowace ɗaukowa sai an buɗe fayil an warware ƙullin hoton, alhali lokacin da aka yanka wa zane guda bai kai kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Yaron ya ɗaga layin ya kai shi farkon shirin, inda za a karanta shi sau ɗaya tak, hotuna su zauna a ƙwaƙwalwar aiki. Jaki ya miƙe.

Wannan tattali na mai mangaza shi ne aka gina sana'ar a kansa tun farko. A shekarar 1983 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da na'urar Famicom, wadda kwaikwayonta masu araha suka bazu a kasuwannin duniya daga baya. Gilashinta ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye, kuma ba ta da wurin ajiye cikakken hoton allo. Sai aka yanka kome gutsi-gutsi, ɗigo 8 sau 8, ana jera su kamar tubali. Wasan Super Mario Bros. na 1985, da dukkan duniyarsa da kiɗansa, kilobait 40 ne: 32 na shiri, 8 na zane, wato gutsure 512 ba ƙari. Hoto guda na wayar hannu ta yau ya ninka shi sau da yawa.

Dubi yadda suka yi da talaucin. Gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, fari ya koma kore. Luigi, ɗan'uwan Mario, shi ne dai Marion da wasu tufafi. Ɗan dodon nan mai kama da naman kaza, Goomba, hoto ɗaya gare shi na tafiya. Ana juya shi hagu da dama, sai a ga kamar yana taku. Shi kansa Mario, tun fitowarsa a wasan Donkey Kong na 1981, Shigeru Miyamoto ya sa masa hula don ya huta da zanen gashi, ya sa masa gashin baki don ɗigon bai isa a fitar da baki sosai ba. Abin da duniya ta ɗauka ado ne, rashi ne ya haife shi. Na'urar tana iya riƙe gutsure masu motsi 64, amma takwas kawai take nunawa a layi ɗaya, shi ya sa a wasanni da yawa, in abubuwa suka cunkushe, ake ganin suna ƙyaftawa: masu shiri ne suke ba su layi bi da bi.

Kwamfutar yaron, duk da tsufanta, ta fi Famicom ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a nan tarkon yake. Mai yalwa ba ya saurin gane ɓarna, sai ranar da ya ƙara raƙuma goma da ƴan talla ashirin a kasuwar tasa.

Dattijo bai sayar da na'urar ba, bai kuma sakar masa ita ba. Ya yanke cewa daga Litinin zuwa Jumma'a tana cikin akwatinsa, makulli a aljihunsa, sai Asabar da Lahadi, har a gama bak. Da ya tashi zai fita ya sake duban gilashin, ya ce jakin yana sulɓi ne kamar an ɗora shi a kan tabarma ana ja, ƙafafunsa ba sa motsi. Yaron ya ce sai ya zana shi sau huɗu, kowane da irin takunsa, ya jera su a fayil ɗaya, na'urar ta riƙa yanko su ɗaya bayan ɗaya. Uban ya ce in zai zana ya rage kunnuwan, don waɗannan na zomo ne.