Tiyatar rage ƙiba ba kayan lefe ba ce

Tun jiya da daddare raina yake a ɓace, na so in haɗiye maganar amma ta ƙi haɗiyuwa. 'Yar wata ƙawata, yarinyar da aka sa wa rana bayan babbar sallah, ta turo mini wani talla tana tambaya: "Anti, don Allah wannan na gaskiya ne? Tunda ke kin san harkar." Wata mata ce take haɗa wa mutane tafiya Turkiyya a yanke musu tumbi. Tikitin jirgi, biza, otal, motar da za ta ɗauko ki daga filin jirgi, kwana biyar ki dawo gida, har da ragi idan kun haɗu ku biyu. Na karanta tallan daga sama har ƙasa ban ga inda aka ce ga wadda ta cancanta, ga wadda ba ta cancanta ba. Na tambayi yarinyar nauyinta, ta ce kilo 78, tsawonta mita 1.65. Wai angon ne ya ce ta ɗan rage kafin biki.

Ku da kuka daɗe a shafin nan kun san ni na yi jinyar Yaya lokacin da aka yi mata wannan aikin, don haka kada wani ya zo ya ce ina ƙin tiyata. Yaya ta kai kilo 128, ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyinta sun gaza har sallah a kan kujera take yi. Da dare minsharinta yakan katse, numfashi ya tsaya cak, sai ta zabura ta farka tana haki. Yau da goshinta take sujada a ƙasa, an kuma cire mata allurar insulin. Alhamdulillahi. Aikin magani ne na gaske, ga mai ciwo na gaske. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda dillalai suka mai da shi haja, suna tallansa kamar atamfa.

Akwai ma'aunin da likitoci ke farawa da shi, BMI. Ki raba nauyinki da tsawonki, ki sake raba abin da ya fito da tsawon naki. Na yarinyar nan bai kai 29 ba. Na Yaya ya haura 48. Tun 1991 ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce sai mutum ya kai 40, ko kuwa 35 idan yana da wata cuta da ƙibar ta jawo, irin suga ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: 35 ko da babu wata cuta, 30 zuwa sama idan akwai irin ciwon suga. Ko da wannan sassaucin yarinyar ba ta shiga layi ba. Kuma lamba kaɗai ba ta isa. Kafin a taɓa Yaya sai da aka duba zuciyarta da jininta, aka zura kyamara aka leƙa tumbin, ta zauna da masaniyar abinci, ta zauna da likitan ƙwaƙwalwa, don a tabbatar za ta iya riƙe dokokin da za su bi ta har ƙarshen rayuwa. Watanni aka yi ana wannan. Ta yaya za a cusa shi cikin kwana biyar har da yawon kasuwa?

Aikin da aka yi wa Yaya, kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin ake yankewa a fitar, abin da ya rage siriri ne kamar ayaba. Wanda aka cire ya tafi ke nan, ba a mayar da shi. Akwai wani kuma da ake ware ɗan aljihu a saman tumbin a haɗa shi da hanji can gaba, abinci ya tsallake wani sashe. Shi ya fi tasiri ga suga, shi kuma ya fi hana jiki tsotsar abubuwan gina jiki.

A asibitin da ya san aikinsa mutuwa ba ta da yawa, ba za ta wuce mutum ɗaya ko biyu cikin dubu ba, gaskiya ce wannan kuma ba zan ɓoye ta don in tsorata ku ba. Amma ɗinkin kan yi yoyo, abin cikin tumbi ya tsiyaya cikin ciki, wani lokaci sai bayan kwanaki yake bayyana da zazzaɓi da bugun zuciya da sauri. Jini kan daskare a ƙafa ya taso huhu, doguwar tafiyar jirgi kuwa ƙara wannan haɗarin take yi. To idan yarinya ta sauka gida ranar Juma'a, daren Asabar jikinta ya ɗau zafi, wa za ta kira? Matar da ta sayar mata da tikiti? Araha ba ta ado, jama'a.

Sannan ga abin da ba a ɗaukar hotonsa. Makonni biyun farko ruwa-ruwa kawai Yaya take sha. Ina tace mata romon kaza da rariya, in zuba a ƙaramin kofin shayi, ta yi rabin sa'a tana kurɓa ba ta shanye ba. Ranar da ta yi gangancin haɗiye loma biyu ta tuwo kafin lokaci, gumi ya karyo mata, ta dafe ƙirji tana amai. Wata na huɗu gashinta ya fara zuba, in na taje mata sai in dunƙule abin da ya fito a hannuna kada ta gani. Fatar damtse da ta ciki ta saki. Ƙwannafi ya zama abokin zama. Har yau tana shan bitamin da maganin ƙarin jini da na ƙashi, za ta kuma sha har iyakar rai, tare da gwajin jini a kai a kai. An hana ta diclofenac da ibuprofen, waɗannan da muke saye a kemis kamar alawa, saboda gyambon ciki. Saurin ramewa kan sa tsakuwa a matsarmama. Azumin da ya biyo bayan aikin likita ya hana ta, sai daga baya ta rama.

Ga wadda ta fi damuna: ana so mace ta jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi bayan aikin, domin jikin da ke ramewa da sauri ba ya iya ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata. Amarya fa ake tallata wa! Wata uku da tarewa dangin miji za su fara leƙen cikinta. Wa ya gaya mata wannan?

Na san za a ce to me kike so mai ƙiba ta yi, ta zauna ana yi mata gori? A'a. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kaɗai yana sauko da suga da hawan jini. Ga mai kilo 78 kilo huɗu zuwa takwas ke nan, abin da barin lemon kwalba, rage malmalar tuwo da shinkafa, ƙara ganye da wake, da tafiyar rabin sa'a bayan asuba za su iya yi. Wanda wannan bai ishe shi ba, akwai allurai na mako-mako irin su Wegovy da Mounjaro, masu rage kusan kashi 15 zuwa 20. Suna da tsada, suna sa tashin zuciya, idan an daina ƙibar kan dawo, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun wata allura irinsu mai suna Ozempic da ke yawo, saboda haka ta hannun likita kawai. Akwai balan-balan da ake sakawa a tumbi na wata shida a cire. Shayin rage teɓa kuwa yawancinsa gudawa yake sa ki, ruwan jikinki ne ke tafiya.

Mu kanmu muna da laifi. Jiya muka ɗura wa 'ya'yanmu sha-ka-fashe don su ciko kafin aure, yau kuma muna tura su a yanke musu ciki don su shiga rigar biki. Jikin nan amana ne, za a tambaye mu a kansa. Kai kuma ango, da idonka ka gan ta ka kai kuɗin gaisuwa. Ka ji tsoron Allah.

Masu shigowa akwatin saƙona suna cewa ina toshe wa wata baiwar Allah hanyar abinci, ban ambaci sunan kowa ba, ba kuma zan goge rubutun nan ba. Wadda ta san nauyinta ya kai kuma ciwo ya kama ta, ta fara da likitan da ke duba sugarta a nan gida. Idan ya ce a yi, ko a nan ko a waje, ta tambayi sunan likitan da zai yi aikin da yawan irinsa da yake yi a shekara, ta tambaya ko asibitin na da ɗakin kulawa ta musamman, sannan kafin ta biya ko sisi ta sami likita a garinsu wanda ya yarda zai ci gaba da duba ta bayan ta dawo.