Akwai Lissafi a Ƙasa da Sifili

Sau da yawa nakan ji ana cewa harshen Hausa ba zai iya ɗaukar bayanin kimiyyar lantarki ba, wai sai da Turanci. Ni kam ban yarda ba, kuma hujjata daga tankin ruwan garinmu na samo ta.

Kumagannam tana cikin ƙaramar hukumar Yusufari a arewacin jihar Yobe, ƙasa ce ta rairayi, inda ruwa yake da daraja. Rijiyar burtsatsen unguwarmu da hasken rana take aiki. Matsalar ita ce wani lokaci tanki ya cika ya yi ta malala ba mai kashe famfo, wani lokaci kuma mata su yi layi da rana tsaka alhali babu ko ɗigo a ciki. Wani yayana mai gyaran kayan lantarki a Gashuwa ya kawo shawarar a sa na'urar da za ta riƙa auna ruwan. Dattawan kwamitin ruwa suka ce ba za su fitar da kuɗin jama'a ba sai sun fahimci abin da za a saya. Ni aka ɗora wa nauyin yi musu bayani.

Ga yadda abin yake. Na'urar awon tana jin nauyin ruwan da ke kanta, sai ta ba da amsa da ƙarfin wuta: rabin bolt idan babu ruwa, bolt 4.5 idan awo ya kai ƙarshe. Ita kuwa ƙaramar kwamfutar da za ta karanta amsar, daga sifili zuwa bolt 3.3 kaɗai take karɓa, abin da ya wuce haka yana iya ƙona ta. Ke nan sai an yi tafinta tsakaninsu: a cire rabin bolt daga amsar, ragowar a ninka ta da 0.825, domin bolt 4 su koma 3.3. Na ce wa dattawa tamkar mai auna hatsi ne da ke cire nauyin buhu kafin ya faɗi nauyin gero. Suka gane nan take.

Mai yin wannan cirewa da ninkawa wata 'yar amfilifaya ce tare da rasistoci huɗu. Sai dai irin wadda ta fi samuwa a wajen masu gyaran rediyo a Nguru da Gashuwa, wato LM741, tana da wani hali: amsarta ba ta isa iyakar wutar da ake ba ta, takan tsaya da saura bolt ɗaya zuwa biyu. Idan iyakarta ta ƙasa sifili ce, ba za ta taɓa cewa sifili ba, ko da tanki ya bushe ƙayau. Maganin shi ne a ba ta wutar da ke ƙasa da sifili.

A nan wani dattijo ya tare ni, ya ce, "Ɗana, me ke ƙasa da babu?" Na ce, "Baba, a ɗauki sanda mai kamu biyar. In aka tsayar da ita a bakin rijiya, kanta yana kamu biyar sama. In aka riƙe kanta a bakin rijiyar aka zura ta ciki, gindinta yana kamu biyar ƙasa. Sanda ɗaya ce, bakin rijiya shi ne sifili." Ya yi dariya, ya ce a ci gaba.

Haka wata ƙaramar na'ura mai suna ICL7660 take yi. Tana cika kafasita da bolt biyar, sai ta juya ta, ta haɗa kanta da sifili, gindin ya koma bolt biyar ƙasa da sifili, sannan ta juye wutar a kafasita ta biyu. Tana maimaita haka sau dubbai a kowace sakan. Wutar da take bayarwa kaɗan ce, ba za ta juya famfo ba, amma ta wadatar da amfilifaya. Yayana ya ƙara rasista da diyod a ƙofar kwamfutar, domin kada wutar ƙasa da sifili ta kutsa ta yi ɓarna. Kwamiti ya biya, aka aiko da kayan daga Kano, aka haɗa.

Don haka, 'yan'uwana ɗaliban Hausa, aikin yana gabanmu. Masu gyaran sola da rediyo sun san aikinsu, dattawa sun san rijiya da mudu, mu ne ya kamata mu haɗa su da kalmomin da kowa zai gane. Mu shiga shagunan masu gyara, mu saurari yadda suke kiran kayansu, mu rubuta. Allah ya sa mu dace, amin.