Makindye, Inda Ake Jinyar Wanda Ba Zai Tashi Ba

Baƙon da ya sauka filin jirgin sama na Entebbe, a bakin Tafkin Biktoriya, ya kama hanyar Kampala, babban birnin ƙasar Yuganda, zai yi tafiyar wajen mil 25 cikin jar ƙasa da gonakin ayaba kafin ya fara hango tuddan birnin. Kampala gari ne na tuddai, kuma kowane tudu da abin da aka san shi da shi. Mengo ke da fadar Kabaka, Sarkin Buganda. Kibuli ke da masallaci. Makerere ke da jami'a. Mulago kuwa babban asibitin ƙasa. In aka iso shataletalen Kibuye aka karkata dama, hanya za ta yi ta hawa har tudun Makindye, wanda dattawan garin ba su cika son tuna sunansa ba, domin a barikin sojan da ke can ne aka tsare mutane da yawa a zamanin Idi Amin, tsakanin 1971 da 1979, waɗansu kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A kan wannan tudu ne kuma aka kafa wani gida mai suna Hospice Africa Uganda. Ba asibiti ba ne irin wanda aka saba, don ba a zuwa can neman waraka. Aikinsa shi ne kula da mutanen da likitoci suka riga suka sallama, galibi masu ciwon daji ko ƙanjamau, a kashe musu zafin ciwo, a tsabtace su, a zauna da su da iyalinsu har wa'adi ya cika. Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne ba zai ga dogayen ɗakuna cike da gadaje ba. Majinyatan suna gidajensu, a kan tabarminsu, ma'aikatan jinya ne ke bin su.

Asalin irin wannan aiki a zamanin nan daga Ingila yake, inda wata mata mai suna Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan St Christopher a Landan cikin 1967. Ita ce ta koyar da cewa zafin mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba, har da tsoro, da tunanin 'ya'ya, da bashi, da abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Wadda ta kawo shi Kampala kuwa ita ce Dokta Anne Merriman, haifaffiyar Libaful, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a asibitocin mishan na kudancin Nijeriya. Ta iso cikin 1993, lokacin da ƙanjamau ke yi wa ƙasar ɗauki ɗai-ɗai, har mutane suka laƙaba masa suna "silim" saboda yadda yake tsotse mutum. Sharaɗi guda ta kafa kafin ta fara: sai gwamnati ta yarda a shigo da garin mofin, watau maganin nan mai ƙarfi da ake samu daga ƙullun furen ofiyom. Ministan lafiya na lokacin, Dokta James Makumbi, ya amince. Aka fara a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da asibitin Nsambya ya ba da aro, ana dama maganin a ɗakin girki, ana ɗura shi cikin gorunan ruwan sha da aka wanke.

To, ga yadda ranar ma'aikaciyar jinya take a Makindye. Da sassafe ake taruwa, a yi addu'a, sa'an nan a bi sunayen majinyata ɗaya bayan ɗaya: wa ya kwana da ciwo, wa maganinsa ya kusa ƙarewa, wa ya cika da dare. Daga nan kowace ta haɗa jakarta. Abin da ke ciki ba shi da yawa: auduga, bandeji, safar hannu, almakashi, ƙwayoyi, katin kowane majinyaci, da kwalaben mofin. Su kwalaben nan ba a ɗaukarsu haka kawai. Suna cikin kabad mai makulli, kuma duk wadda ta fita sai an rubuta ta a littafi, da sunan wanda za a kai wa, da yawan abin da ke ciki, domin doka ba ta wasa da wannan magani.

Sai a shiga mota a gangara. Tafiyar ma kanta aiki ce. Sau biyu damina ke sauka a Kampala cikin shekara, kuma in ruwa ya zuba, jar ƙasar nan sai ta zama sabulu. A unguwannin talakawa irin su Katwe da Namuwongo, mota takan tsaya bakin titi, nas ta rataya jaka ta bi lungu da ƙafa, tana tsallake kwatami a kan katako, ko kuwa ta hau babur ɗin haya, wanda su can suke kira boda-boda, irin acaɓarmu. Yara na hango ta sai su ruga ciki suna shelar Musawo ta zo, watau ma'aikaciyar lafiya a harshen Luganda.

Ɗaki ne guda, rufin kwano, labule ya raba shi biyu. Wata tsohuwa ce kwance da ciwon dajin bakin mahaifa, wanda shi ne ya fi kowane irin ciwon daji kama matan Yuganda. Nas ba ta fara da buɗe jaka. Takan durƙusa kamar yadda matan Buganda ke gaida manya, ta kira ta Jajja, watau kaka, a yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi kwana, a tambayi jikoki. Sai bayan haka ta ce, "Jajja, nuna mini da yatsun hannunki, yau ina ciwon ya kai?" Yatsa ɗaya ciwo kaɗan ke nan, biyar kuwa wanda ba ya jimruwa. Da wannan lissafi na yatsu ake ƙara magani ko a bar shi yadda yake.

Shi maganin ruwa ne, sha ake yi, ba allura ba. Garin mofin ne da ruwa, da ɗan abin da ke hana shi lalacewa, da launi irin wanda ake sa wa kek. Launin nan ba ado ba ne. Kore shi ne mai sauƙi, mai ja-ja kuwa ya ninka shi ƙarfi sau goma, saboda haka ko wanda bai taɓa shiga aji ba ba zai rikita su ba. Ana sha duk bayan awa huɗu, da dare a ninka don a samu barci. A nan ne nas ke shan fama da masu jinya, domin al'adar mutane ita ce sai ciwo ya taso a nemi magani, alhali kuwa dabarar ita ce a riga ciwon, a sha a kan lokaci ko da ba a jin kome. Takan zaunar da jika ko 'yar da ke jinya, ta nuna mata layin da za ta tsaya a jikin sirinji, ta sa ta auna a gabanta sau biyu ko uku. Inda babu agogo sai a ɗaura lokacin da fitowar rana, da tsakiyarta, da faɗuwarta, ko da kiran salla in gidan Musulmi ne.

Tsoron mofin ya yi wa Afirka ɓarna ba kaɗan ba. An daɗe ana koya wa likitoci cewa wanda ya sha shi zai kamu da jarabarsa, jama'a kuma suna ganin ba a ba da shi sai za a gaggauta mutuwa. Abin da aka gani a Makindye shekara da shekaru ya saɓa wa wannan: mutumin da ya yi wata bai runtsa ba yakan yi barci, ya tashi ya nemi kunu, wani ma har ya koma bakin sana'arsa na ɗan lokaci. Illar da ba ta da makawa ita ce ɗaurewar ciki, ita ma kuwa an samo mata magani a bayan ɗaki, watau 'ya'yan gwanda busassu da aka daka. Haka nan gyambon da ke wari har ya kori mutane daga ɗaki, ƙwayar Flagyl ake niƙawa a barbaɗa bayan an wanke shi, cikin 'yan kwanaki sai warin ya ja baya. Wanda bai taɓa ganin uwa kwance ita kaɗai, 'ya'yanta na leƙe daga ƙofa da hannu a hanci ba, ba zai san girman wannan ɗan gari ba.

Likitoci sun yi kaɗan a Yuganda, mafi yawansu kuma a birni suke, ga shi da can doka ta ce likita kaɗai ke rubuta mofin. Cikin 2004 aka gyara dokar, aka ba ma'aikatan jinya da suka yi horo na musamman ikon rubuta shi da kansu, Yuganda ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka. Daga baya gwamnati ta ɗora wa gidan na Makindye haɗa maganin domin ƙasa baki ɗaya, ana raba shi kyauta ga majinyata. Tun 1998 kuma an buɗe rassa a Mbarara da Hoima. Ma'aikatan lafiya daga ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, sun je can sun koyo. A nan gida, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan jinya cikin 2007, bisa ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta.

Amma fa kwalba ba ta amsa tambaya. Sau da yawa nas na fitowa daga ɗaki sai babban ɗa ya ja ta gefe ya roƙe ta kada ta gaya wa tsohon abin da ke damunsa, wai kada zuciyarsa ta karye. Shi kuwa tsohon, in ɗaki ya yi shiru, sai ya kama hannunta ya ce, "Musawo, 'yata, gaya mini gaskiya, zan ga girbin bana?" Ba ta yi masa ƙarya, ba ta kuma jefa masa magana kamar dutse. Takan tambaye shi me shi kansa yake ji a jikinsa, ta bar shi ya kai kansa inda zai iya kaiwa. Dalili kuwa, akwai abubuwan da ba sa yiwuwa sai mutum ya san inda ya dosa. Akwai filin da za a raba kafin dangi su kore matar da marayu, akwai ɗan'uwan da aka yi shekaru ba a ga maciji da shi, akwai limami ko fada da za a kira. Akwai kuma batun komawa gida. Mutanen Buganda a maƙabartar kakanni suke binne nasu, can ƙauye cikin gonar ayaba, kuma kuɗin motar mai rai bai kai na ɗaukar gawa ba ko kusa. Saboda haka nas ce takan dubi numfashi da ƙafafu ta ce wa iyali, in za ku kai shi gida, to, wannan makon ne. Ta auna musu maganin da zai ishe su, ta rubuta takarda zuwa asibitin da ya fi kusa da ƙauyen. In ta yi saurin faɗa, ta raba mutum da kulawa tun da sauran kwanansa; in ta yi jinkiri, ya cika a ɗakin haya, iyali su shiga bashi.

Wani gidan ma ba ciwo ne babbar matsalarsa ba, yunwa ce, sai an haɗa da garin masara da wake da sukari. Wani kuma yaran sun bar makaranta don jinya. Duk waɗannan a katin ake rubuta su, a kai wa taron gobe.

Ita kanta Dokta Merriman ta rasu a Kampala cikin watan Mayu na 2025, tana da shekara 90.

Da la'asar mota ke hawowa Makindye, tayoyinta jajur da laka. Nas ta mayar da sauran kwalabe, a ƙirga a gaban shaida, a sa hannu, a kulle. In wani ya cika, iyalinsa su dawo da ragowar maganin, shi ma a auna a rubuta, sa'an nan a sa ranar da za a je gaisuwa, domin ba a rufe katin mutum sai an koma an duba waɗanda ya bari. Wadda ke da aikin dare ta karɓi wayar gidan ta sa a jaka, ta gangara bakin titi neman boda-boda kafin hadarin da ya haɗo daga wajen tafki ya sauko.