Katangar Da Ba Ta Bukatar Siminti

A kan dutsen Sukur, cikin ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru, akwai gidan Hidi, wato sarkin wurin. Da dutse aka gina katangarsa, ba siminti. An ɗora wannan bisa wancan, aka cusa ƙanana a tsakani, shi ke nan. A cikin gidan akwai rumbuna da wurin turke bijimi. Hanyar da ta hau can ma shimfiɗe take da fala-falan duwatsu. Daga gidan kuwa gonaki suka gangara hawa-hawa kamar matakala, kowace da 'yar katangarta. A 1999 UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na fari a Nijeriya.

Mu da muka tashi a ƙauyukan dutse mun san amfanin irin wannan gini. In ruwan Agusta ya sauko, katangar takan tare ƙasa da taki, ruwan kuma ya tsiyaye ta kafofin duwatsu a hankali. Katangar bulo ba ta da wannan haƙuri. Ruwa yakan taru a bayanta har ya ture ta gaba ɗaya. Duk da haka muna jin 'ya'yanmu suna cewa ginin dutse aikin talauci ne. Mu dai ba mu yarda ba.

Amma akwai wuya. Katangar nan tana son hannu kowace shekara. Awaki sukan ture dutse ɗaya, ruwa ya bi ta gurbin, kafin damina biyu gonar sama ta zube a kan ta ƙasa. Da rani iyayenmu kan kira gayya a gyara, yara suna miƙo duwatsu, a nan ne suke koyon wanda zai zauna da wanda zai zame. Ba a koyon wannan a aji.

Mutanen Sukur sun sha hare-haren Hamman Yaji na Madagali, mai kamun bayi, a farkon ƙarni na 20. A 2014 kuma 'yan Boko Haram suka hau suka ƙone gidaje. Jinka ta ci wuta, duwatsu suka tsaya. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne samarin ƙauyukanmu da suke gangarowa Mubi da Yola neman aiki, tsofaffi kaɗai aka bari da ɗaukar dutse.