Hasken Zaure da Amanar Alkaki

Kasuwar Talata ce ta ba garinmu suna, kuma tsarin cinikinta tsoho ne: mai sayen alkaki takan ɗauka, ta juya, ta gutsura kafin ta taya. Yawancin masu neman abin da nake toyawa kuwa ba su zuwa. Uwar amarya a Bakura ko Maradun, ga halin da hanyoyinmu suke ciki, ba za ta hau mota don ɗanɗana dubulan ba. Hoto take gani a WhatsApp, a kansa take turo kuɗin garar ɗiyarta. Shi ya sa ni, da toye-toye ya zame mini sha'awar ƙarshen mako bayan aikin ofis, na ɗauki hoto da muhimmancin da na ɗauki kwaɓi.

Abin da na fahimta shi ne haske ya fi tsadar waya tasiri. Talata Mafara tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka da bazara rana takan tsaya kusan bisa kai. Haske daga sama yakan shafe murɗin alkaki, ya mayar da sheƙin zuma farin tabo. Wanda ya shigo ta gefe kuwa yakan ba kowane murɗi inuwarsa. Saboda haka nakan aje faifai a bakin ƙofar zaure da hantsi, inda akwai haske amma rana ba ta taɓawa, in rataya farin mayafi a ɗaya gefen domin ya mayar da haske cikin inuwa. Da hunturu hazo kan tausasa rana kyauta, sai dai a riƙa goge ƙura da maiƙo daga idon kyamara.

Kwan lantarki nakan kashe shi. Hasken rana yana kusan Kelvin 5,500, na tsohon kwai mai ɗorawa kusan 2,700. Idan suka gauraya, waya takan rikice, cincin ya fito da launin da ba nasa ba. Nakan kuma ja da baya kaɗan, domin kusantar waya takan kumbura abin da ke gaba. Shimfiɗa kuwa, akushi baƙi ya fi farantin roba mai furanni fito da jan alkaki.

Akwai iyaka. Manhajar gyaran hoto tana iya ƙara wa alkaki jan da kasko bai ba shi ba, kuma wadda za ta ji kunya ita ce uwar da ta buɗe ƙwarya gaban dangin ango. Don haka ba na taɓa launi. Daga kowane tuyi nakan karya guda ɗaya, in ɗauki cikinsa, a ga iya inda zuma ta ratsa, sannan in tura.