Ciko, da Kwastomar da Na Kusa Tona wa Asiri

1/ Rubutun nan yana da tsawo, ku yi haƙuri. Kusan wata takwas ina ɗauke da shi a raina. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta, na kuma sauya duk abin da zai sa a gane ta. Don haka masu shirin shigo min DM da "wace ce?" ko "wane ne?", ku huta.

2/ Ga waɗanda ba su san ni ba: ɗaliba ce ni, aji uku, Anatomi nake karanta a wata jami'a a Kano. Sana'ata kuma ɗinkin ciko. E, cikon da kuka sani: na hip, na mazaunai, na rigar mama. Da shi nake biyan kuɗin rajista da na fotokwafi.

3/ Kada wata ta zo tana min a'uzubillahi. Da yawa daga amaren da kuke rubuta wa "masha Allah, diri" a hotunan kamu da dina, soso ne inci biyu a jikinsu, wasu ma ni na yanka. A keken Umma na koya, tsohuwar Butterfly. Yadi mai roba nake saya a Kwari, soso kuma wajen masu yin kujeru.

4/ Wata Laraba da dare saƙo ya shigo daga akawun ɗin da ba hoto, ba suna. "Salam Anti, kina yin ciko da awon mutum?" Na ce, "E Hajiya, turo awonki." Ni in dai ciniki ne kowa Hajiya ce. Tunda ranar Laraba ce, bari mu kira ta Laraba.

5/ Awo ya zo: kafaɗa 18 da rabi, ƙirji 38, wes 33, hip 36. Na tsaya ina kallon lambobin. Mai kafaɗa irin wannan a kwastomomina hip ɗinta yakan wuce 42. Na ce, "Hajiya ki sake gwadawa, kamar tef ɗin ya zame."

6/ Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare amsa ta zo. "Anti ba kuskure ba ne. A namiji aka haife ni. Amma tunda na yi wayo ban taɓa jin kaina a namiji ba. In ba za ki yi ba ki faɗa min, ba komai. Amma don Allah kar ki nuna wa kowa."

7/ Ga inda nake jin kunyar kaina. Na ɗauki hoton maganar, na buɗe guruf ɗin ɗakinmu na hostel, na danna turawa. Ina ta dariya ni kaɗai. Wallahi ba kirkina ne ya hana ba, data ce ta ƙare. Hoton ya tsaya yana ta juyawa har barci ya ɗauke ni.

8/ Da asuba na sake karantawa, idona ya tsaya a kan "don Allah". Guruf ɗinmu mutum shida ne, amma na san kowace tana da wani guruf ɗin. Kafin azahar da lambarta ta zaga gari. Na goge kafin in sayi data. Bayan kwana biyu na karɓi aikin, shi ma don ana dab da rufe rajista ne.

9/ Tambayata ta farko: "Wato ɗan daudu ne kai?" Ta ce haka ake kiranta a unguwa, kuma tana da ƙawaye a cikinsu. Amma da yawansu suna ɗaukar kansu maza, wasu da matansu da 'ya'yansu. Ita kuma mace take jin kanta, ko a cikin mutane ko ita kaɗai a ɗaki.

10/ 'Yan daudu dai ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun ci tuwonsu da soyayyar kazarsu a tasha da kasuwa. Har wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya yi bincike a kansu a Kano ya fitar da littafi a 2009. Irin su Laraba kuwa a rediyo "masu sauya jinsi" ake ce musu. Ta ce, "Ni me na sauya? Ko kuɗin ganin likita ba ni da shi."

11/ A bayan shagon wata mai gyaran gashi muka haɗu bayan an tashi, mai shagon tana zaune. Wanda ya shigo matashi ne da jallabiya da hula, irin wanda za ki wuce a bakin masallaci ba ki ƙara kallo ba. Haka take yawo kullum. Kayan mata sai a ɗaki, ko a bikin da ta yarda da mutanen wurin.

12/ Sai matsalar Hausa ta taso. Bature zai ce "you" ya wuce abinsa. Mu dole ka zaɓa: kai ko ke. Na koma magana kamar nas a asibiti: "a ɗaga hannu", "a juya", "a saki ciki". Ta gane, ta yi murmushi ta ce, "Anti, faɗi wanda bakinki ya iya."

13/ Ina cikin kafa fil a kan rigar ta motsa, fil ya soke ni. Ban san sanda na ce "ke, tsaya mana!" ba. Mu uku muka fashe da dariya. Tun daga nan bakina ya zauna a kan "ke", shi ya sa kuke ganin haka a rubutun nan.

14/ Ta buɗe leda ta nuna min abin da take amfani da shi: tsohon soson kushin da tawul a ninke, tana naɗe su da salatif kai tsaye a kan fata. Ta ɗan ɗaga gefen riga. Fatar ta saɓule, wani wurin ya yi baƙi, wani yana ruwa. A zafin Afrilu na Kano, da ake wuce digiri 40.

15/ Nan karatuna ya yi rana. Ƙashin ƙugun mace ya fi na namiji faɗi, kuma sinadarin istirojin yana tara mata kitse a gefen cinya da mazaunai. Namiji kuwa kafaɗa ce ke buɗewa, kitse ya tafi ciki. To cikon da nake wa amare na baya ne kawai, don su suna da faɗin. A jikin Laraba sai ya zauna kamar an ɗaura filo.

16/ Abin da take buƙata faɗi ne ta gefe, har hip ya kusa kamo kafaɗa. Sai na yanka soso dogo, daga saman ƙashin ƙugu zuwa tsakiyar cinya. Tsakiyarsa inci biyu, ina feƙe shi da reza yana sirancewa har bakin ya zama kamar takarda. In bakin ya yi kauri, layinsa zai fito a atamfa.

17/ Sau uku ina ɓata soso kafin ya zauna. Na ɗinka masa aljihu a cikin gajeren wando mai roba, yadda za a zare a wanke. Na ƙirji kuma gero na ɗura a safa mai santsi na ƙulle, domin soso ba shi da nauyi, tsayawa yake ƙiƙam. Na silikon da ake sayarwa ya fi kyau, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinta.

18/ Na ja mata kunne kamar yadda nake wa kowa: bel ɗin matse ciki ba a kwana da shi, ba a cin abinci da shi a ɗaure tamau, in numfashi ya fara wuya a kwance shi. Ban da salatif a fata. A wanke, a shanya, a bar jiki ya sha iska.

19/ Ranar da ta gwada a gaban madubin shagon, da doguwar riga a kai, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta juya hagu, ta juya dama. Sai ta ce, "Zai riƙe ni kafin in gama tara kuɗin allura." Na ce wace allura?

20/ Ashe akwai wata mata da ke zuwa gari lokaci-lokaci, ta kama ɗaki a otal, tana ɗura wa mutane ruwan silikon a mazaunai da hip. Ba likita ba ce. Laraba ta tara fiye da rabin kuɗin a adashi. Kuma ta ce ba irinta kaɗai ke layi ba, har da 'yan mata da matan aure.

21/ Ku tsaya a nan ko da ba ku karanta sauran ba. Silikon na ruwa ba ya narkewa, jiki ba ya fitar da shi. Yana yawo, ya gangara cinya har ƙafa. Jiki yana yaƙarsa, sai wurin ya yi ƙulalai masu tauri da ciwo, wani lokaci bayan shekaru. In ya shiga jijiyar jini ya kai huhu, mutum na iya mutuwa cikin sa'o'i ko kwanaki.

22/ Sau da yawa ma ba na asibiti ba ne, na masana'antu ne. Hukumar FDA ta Amurka ta fitar da gargaɗi a Nuwamba 2017 cewa kada a yi allurar silikon don ƙara girman jiki. Cire shi kuwa sai da tiyata, a yanke har da naman da ya cakuɗa da shi, kuma da wuya a kwashe duka.

23/ Haka sha-ka-fashe da wasu ke haɗiya a hostel. Mai deksametazon a ciki fuska yake kumburawa da ciki, cinya da mazaunai kuma su rame. Ga hawan jini, ga suga, ga raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, shi ma haɗari ne, likita ne zai rage mata a hankali.

24/ Na zayyana wa Laraba duk wannan. Ta ce ta sani, akwai ƙawarta da ba ta iya zama a benci sai da filo. Na ce me ya hana ta zuwa asibiti? Ta kalle ni. "Ta je ta tuɓe a gaban wa? A ɗakin maza ko na mata? Kafin ta fito an ɗauke ta a waya."

25/ Tsoron nan ba na banza ba ne. Kano tana da doka tun 2000 da ta tanadi ɗauri ga namijin da ya yi shiga ko ɗabi'ar mata. A 2007 an kama mutum 18 a Bauchi kan zargin shigar mata. Dokar tarayya da Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 kan auren jinsi take magana, amma a titi ba mai tsayawa bambancewa.

26/ Na ce to ki tsaya a ciko mana, ai ya yi kyau. Abin da ta ce har yau yana min yawo a kai. "Anti, amaryarki in ta cire ciko da dare mace ce. Ni in na cire, sai in ga mutumin da na wuni ina gudu." Ban da amsa. Na ce mata kawai: soso in ya dame ki za ki zare, allura kuwa ko kin yi nadama tana nan.

27/ Sannan Umma. Ta tsinci takardar awon a kan keke. Shekara talatin tana ɗinki, kallo ɗaya ta yi ta ce, "Wannan awon namiji ne." Na faɗa mata gaskiya, har da ciwon salatif da maganar allura. Ta yi salati, ta yi shiru. Ta ce, "Kar ya taka min gida, kar Abbanku ya ji."

28/ Na ce to. Har ta kai ƙofa ta dawo ta ɗauki wandon ta juya cikinsa. "Wannan yadin zai ci masa fata. Ki sa shafi na auduga." Ta buɗe akwatinta ta ba ni ragowar farin yadi. Ba mu sake maganar ba. Har yau "shi" take cewa, ni ina cewa "ita".

29/ Na san masu zuwa da maganar addini. Ni ma Musulma ce, na je Islamiyya, na san abin da malamai suka ce kan namiji ya kamanta kansa da mace. Na kuma ji abin da suke cewa kan cikonmu da a-cuci-maza. Ban zo ba da fatawa ba, kuma ban gama da tambayar a zuciyata ba. Akwai daren da nake istigfari a kan aikin.

30/ Abin da na tabbata da shi: da hoton nan ya tafi guruf, da mun yi dariyar kwana biyu, ita kuma wataƙila a kore ta daga gida ko a yi mata duka. Kuma da ba ta sami wanda za ta faɗa wa maganar allurar ba.

31/ Da matar otal ta dawo gari, Laraba ba ta je ba. Kuɗin adashin ta sayi injin busar da gashi da su. Ba ta yi min alkawarin ta fasa har abada ba, ta ce dai "ba bana ba". Makon jiya ta turo saƙo soson hagu ya fara kwanciya, in yanka mata sabo.

32/ In an taɓa yi miki allurar nan, ko an yi maka, kuma aka ji numfashi na sarƙewa, ciwon ƙirji, tari da jini, zazzaɓi ko wurin ya yi ja yana zafi, a tafi asibiti a take, a faɗi abin da aka ɗura. In kunya ce, a tafi da mutum ɗaya da aka yarda da shi.

33/ Masu zagi, na gan ku tun kafin ku iso, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Masu oda kuma a yi haƙuri sai bayan jarrabawa, ina da tes ranar Litinin kuma ko shafi ɗaya ban buɗe ba.