Daga Rijau zuwa Minna: Murya ɗaya, gida guda

Ƙanena ya samu aikin sharhin ƙwallon ƙafa a wani gidan rediyo a Minna, amma iyalinsa suna Rijau. Duk makon da za a buga wasa, sai ya kama hanya. A cikin hunturun da ya wuce na raka shi, don in ga abin da yake sha.

Mun tashi bayan sallar Asuba. Kafin mu fita Inna ta riga ta ɗaure masa fura, matarsa kuma ta cika gora da ruwan ɗumi da zuma da citta saboda maƙogwaro. Inna ta ce, "Auta, kar ka yarda dare ya same ku a hanya." Ya ce, "To Inna, da yardar Allah."

Rijau tana arewa maso yammacin Jihar Neja, kan hanyar Kontagora zuwa Zuru ta Jihar Kebbi. Ƙasar noma ce, ta Dukawa da Kambari da Hausawa da Fulani. Muna fita gari muka riƙa wuce gonakin dawa da aka girbe, da babura ɗauke da buhuna. A Kontagora muka sauya mota. Daga nan akwai kusan kilomita 200 kafin Minna: a bi ta Tegina, a haye Kogin Kaduna a Zungeru. Ga ramuka, ga ƙura, ga fargabar 'yan bindiga da ke sa fasinja yin tsit a wasu wurare. Shi kuwa ya rufe hanci da baki da rawani, ba ya taɓa ruwan sanyi, kuma duk inda aka tsaya sai ya sauka ya miƙe ƙafa. Ya ce muryar ita ce jarinsa.

Washegari a filin wasa na Bako Kontagora, gidan Niger Tornadoes da ta ci Kofin Ƙalubale a shekarar 2000, na ga wani mutum daban. Minti 90 yana zuba Hausa ba gargada. Ana tashi, waya ta shigo daga gida: 'yarsa ce ke cewa, "Baba, mun ji ka!" Ashe Inna, wadda ba ta san dokar ƙwallo ko ɗaya ba, ta sa an kamo tashar a wayar jikanta, ta zauna har ƙarshe.

Gaskiyar magana, abin da ake biyansa da ƙyar yake wuce kuɗin mota. Yayanmu ne ke cikawa. Ni ke kai yaransa asibiti idan zazzaɓi ya zo ba ya nan. Mun taɓa zama kan ko ya bari, ko ya kwashe iyali zuwa Minna. Matarsa ce ta raba gardama, ta ce a ba shi shekara guda, amma da sharaɗi: ba tafiyar dare, kuma ya kira daga kowace tasha.

Idan kuna da mai irin wannan zirga-zirga a gida, ku zauna ku raba nauyin tun wuri: wa zai kula da yara, wa zai cika kuɗin mota, wa zai jira waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun dawo Rijau ana kiran La'asar. Inna tana zaure, tasbaha a hannu.